Ina son nazarin dainoso, Baba ya ce in kama aiki

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 24, na gama digirin farko a fannin ilimin halittu. Ina aji biyu a jami'a wata malamarmu ta nuna mana hoton ƙashin dainoso (manyan dabbobin nan da suka ɓace daga duniya shekaru miliyoyi da suka wuce) da aka yanka aka duba a madubin ƙara girma, ta ce daga nan ake gane shekarun dabbar da saurin girmanta. Tun ranar abin ya shiga raina. Burina in zama mai binciken burbushin halittun da, in san yadda dabbobin nan suka rayu, yadda suke neman abinci, yadda suke renon 'ya'yansu. Na nemi gurbin digiri na biyu a wata jami'a a ƙasar waje, sun ɗauke ni, amma babu tallafin karatu, kuɗin kuma ya fi ƙarfin gidanmu nesa ba kusa ba. Ana cikin haka wani abokin Baba ya samo min aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Baba ya ce in kama aikin, wai shi bai taɓa ganin wanda ya ci abinci da ƙashin dabbar da ta mutu shekaru miliyoyi ba. Yayana ya ce zai ciyo bashi ya biya min shekarar farko, sauran Allah zai kawo. Mama ba ta cewa komai, amma na san hankalinta ba a kwance yake ba. Yau kusan wata guda ke nan, daga gaisuwa babu abin da ke haɗa ni da Baba. Jami'ar na jiran amsata, masu aikin ma haka. In na kama aiki gani nake na binne burina ke nan, in kuma na tafi ina tsoron jefa Yaya cikin bashi. Anti, ya zan yi?

Daga wata 'yar'uwa, mun sakaya sunanta.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ba zan ja miki rai ba, ga shawarata tun daga farko: ki kama aikin, ki hana Yayanki cin bashin nan, burinki kuma ki riƙe shi gam. Na san da jin haka za ki ce shi ke nan, Anti ma ta bi bayan Baba. Ki dai daure ki karanta har ƙarshe. Dalilina daban ne da nasa, kuma akwai inda nake ganin maganarsa ta wuce gona da iri.

Abin da ya fara burge ni a wasiƙarki shi ne ba ki ce kina so ki tono ƙaton ƙwarangwal a ɗauke ki hoto kusa da shi ba. Yawancin masu sha'awar dainoso nan tasu sha'awar ta tsaya, da zarar sun ga wahalar da ke ciki sai su watse. Ke tambaya ce ta kama ki: ya ake gane rayuwar dabba daga ƙashinta? A kan wannan tambayar aka gina sana'ar, kuma ita za ta nuna mana ko aikin asibitin nan kabarin burinki ne kamar yadda kike zato.

Dubi yadda ake gano halin dabbar da ta ɓace daga doron ƙasa shekara miliyan 66 da suka wuce. Babu wanda ya taɓa ganin tafiyarta, babu wanda ya ji kukanta. Sai dai a bi alamu, alamu kuma sukan yaudari mutum. A 1923 wani ayarin masu bincike daga Amurka ƙarƙashin Roy Chapman Andrews ya tsinci ƙwarangwal ɗin wata dabba a kan sheƙar ƙwai a hamadar Gobi ta Mongoliya. Da yake wurin cike yake da ƙasusuwan wata mai cin ganye da ake kira Protoceratops, sai aka ɗauka ƙwan nata ne, waccan kuma sata ta zo yi ajali ya riske ta. Aka raɗa mata suna Oviraptor, wato ɓarauniyar ƙwai. Shekara 70 tana ɗauke da wannan ƙazafi. Sai a 1993 ayarin Mark Norell ya samu irin ƙwan nan da ɗan tayi a ciki, aka duba ƙasusuwan ɗan tayin, ashe dangin Oviraptor ɗin ne. Ba a jima ba aka fito da wata 'yar'uwarta da ƙasa ta rufe tana zaune a tsakiyar da'irar ƙwai, ƙafafu a naɗe, hannuwa a baje sun lulluɓe ƙwan ta kowane gefe, zaman kwanci sak irin na tsuntsu. Waɗanda suka yi kuskuren farko ba jahilai ba ne, hujjar da ke hannunsu ce ba ta cika ba. Duk mai son wannan aiki sai ya iya zama da "wataƙila" shekara da shekaru, ya kuma iya janye maganarsa a bainar jama'a ranar da wani sabon ƙashi ya ƙaryata shi.

Batun reno da kika ambata kuwa, Jack Horner da abokinsa Bob Makela ne suka buɗe ƙofarsa a 1979 da wata dainoso da suka kira Maiasaura, daga jihar Montana ta Amurka. Sun samu jarirai a cikin sheƙa waɗanda suka girmi sabuwar ƙyanƙyasa, haƙoransu har sun fara gogewa saboda tauna, amma ba su bar sheƙar ba. Suka ce lallai akwai mai kawo musu abinci har gida. Masana sun daɗe suna ja-in-ja kan ƙarfin wannan hujja, haka kuwa aikin ya gada.

To, ga inda nake so ki buɗe ido da kyau. Hoton nan da malamarku ta nuna muku, kin san yadda ake yin sa? Ana yanko ɗan guntun ƙashi, galibi daga tsakiyar ƙashin cinya ko na ƙwauri, a zuba masa wani ruwan roba ya daskare ya riƙe shi don kada ya farfashe, a yanka shi falle, a manna a jikin gilashi, sannan a yi ta gogawa har ya yi siririn da haske zai ratsa shi. A ƙarƙashin madubi sai ki ga hanyoyin da jijiyoyin jini suka bi, ki ga layuka zagaye-zagaye inda girma ya dakata a lokacin wahala na kowace shekara. Da ƙirga waɗannan layuka Gregory Erickson da abokan aikinsa suka ƙiyasta a 2004 cewa Tyrannosaurus rex, ƙaton dainoson nan mai cin nama, kan ƙara kusan kilo 2 kullum a shekarun tashen girmansa, kuma Sue, ƙaton ƙwarangwal ɗin Tyrannosaurus na gidan tarihi na Field da ke Chicago, yana da shekara kusan 28 ya mutu. Anusuya Chinsamy-Turan ta Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu a kan wannan fanni ta gina sunanta har duniya ta san ta.

Ga kuma Mary Schweitzer. An haƙo wani Tyrannosaurus a Montana, dunƙulen ya fi ƙarfin jirgi mai saukar ungulu, dole aka raba shi, ƙashin cinya ya karye. Guntayen aka aika mata. Da ta duba cikin ƙashin sai ta ga wani sashe da tsuntsaye mata kaɗai ke yi a lokacin saka, inda suke tara sinadarin da ake gina ɓawon ƙwai da shi. Ta kwatanta da ƙashin jimina, ta buga sakamakon a 2005: dabbar nan mace ce, kuma tana cikin lokacin saka ta mutu. Abin da ya ba ta wannan nasara shi ne ta san yadda cikin ƙashin tsuntsu mai rai yake, idonta kuma ya saba da madubi.

Yanzu ki gaya min, a ina ake koya wa mutum yanka nama falle-falle, da rina shi, da zama awa da awanni gaban madubi har ido ya iya bambanta lafiyayyen sashe da mai cuta? A ɗakin gwaje-gwajen asibiti, ƙanwata, inda kike kallo a matsayin kurkuku. Gaskiya ne hanyar ba ɗaya ba ce sak. A asibiti kaki ake zuba wa nama, ƙashi kuma sai an jiƙa shi a magani ya yi laushi kafin a yanka, shi kuwa burbushi gogawa ake yi tunda ya riga ya zama dutse. Amma idon ɗaya ne, haƙurin ɗaya ne, tsabtar aiki da rubuta komai a littafi ba tare da ha'inci ba duk ɗaya ne. In asibitin yana da sashen duba yankan nama, ki roƙi a kai ki can, ko da sai kin yi watanni a wani sashen tukuna. Malamin da ke neman ɗalibar digirin digirgir, in aka ajiye masa takardar mai cewa tana son dainoso tun tana yarinya da ta wadda ta shekara biyu tana yanka da duba samfuri da hannunta, ba sai na faɗa miki wadda zai fara kira ba.

Mu dawo kan Baba. Maganarsa ta yi miki zafi, ni ma da zan so ya sassauta harshe. Amma in kika cire zafin kika dubi abin da ke ƙarƙashi, tsoro za ki tarar. Uba ne da ya ga 'yarsa ta gama karatu, ga aiki a hannu, tana shirin sakin reshe ta kama ganye. Tsoron nasa kuma ba na banza ba ne. Kujerun dindindin na binciken dainoso kaɗan ne ƙwarai a duniya baki ɗaya, kusan duka a jami'o'i da gidajen adana kayan tarihi suke, wanda ya hau ɗaya kuwa ba kasafai yake sauka ba sai ritaya. Kafin a kai can akwai digiri na biyu, shekara 1 ko 2, sai digirin digirgir, shekara 3 zuwa 4 a Birtaniya, 5 zuwa 6 a Amurka, sannan aikin kwantiragi na shekara 2 ko 3 a nan, wani a can, sau da yawa a wata ƙasar daban, kafin a samu wurin zama, in ma an samu. Akwai haziƙai da suka bi duk wannan doguwar hanya suka ƙare a wata sana'ar.

Shi kansa aikin ba yadda ake nuna shi a talabijin yake ba. Fita daji makonni ne ƙalilan a shekara, shi ma ga wanda ya samu kuɗin fita. A can ɗin ma yawancin yini tafiyar ƙasa ce, kai a sunkuye, ana neman ɗan guntun ƙashin da ruwa ko iska ta tone. In an dace, a yi kwana da kwanaki a durƙushe da 'yar guduma da burushi, a lulluɓe ƙashin da takarda, a naɗe shi da tsumman buhu da aka tsoma a filasta, a jira ya bushe, a kife shi, a san yadda za a ɗauka. Sauran shekarar koyarwa ce, da duba takardun ɗalibai, da rubuta takardun neman kuɗin bincike waɗanda da yawansu ba a dacewa, da awon ƙasusuwa a ɗakin ajiya, da zama gaban kwamfuta. Tun 1976 R. McNeill Alexander ya fitar da lissafin gane saurin dabba daga tazarar sawunta da tsayin ƙugunta. Emily Rayfield, wadda ke Jami'ar Bristol, da dabarar kwamfuta irin ta injiniyoyi masu gwada ƙarfin gini ta auna yadda ƙoƙon kan Allosaurus, wani dainoso mai cin nama, ke jure ƙarfin cizo. Wanda ya gujo wa lissafi ya faɗo nan, ya gudu ne bai tsira ba.

Inda Baba bai yi daidai ba shi ne cewa babu mai cin abinci da wannan ilimi. Akwai su, sai dai da yawansu ba da sunan dainoso ake biyansu albashi ba. Masana da dama makarantun koyon likitanci ne suka ɗauke su suna koyar da ƙirar jikin ɗan'adam, bincikensu kuma yana tafiya a gefe. Lawrence Witmer, wanda ya yi suna wajen leƙa cikin ƙoƙon kan dainoso da na'urar hoton CT, malamin ƙirar jiki ne a makarantar likitanci ta Jami'ar Ohio. Wasu ma'ajiyar gidan tarihi suke kula da ita. Wasu aikinsu cire ƙashi daga cikin dutse, aikin da kan ci watanni a kan ƙashi ɗaya, shi kansa Horner da irin wannan aikin hannu ya fara a Jami'ar Princeton, ba tare da ya kammala digiri ba. Wasu kuma burbushin ƙananan halittun da ba a gani sai da madubi suka karanta, kamfanonin mai na ɗaukarsu don gane shekarun duwatsun da ake haƙawa. In kin lura, duk waɗanda suka daɗe a fagen nan suna da wata ƙwarewa ta biyu da ake biyan kuɗi dominta. Baba, ba tare da ya sani ba, ita yake miƙo miki.

Shi kuma Yayanki, Allah ya saka masa da alheri, ba kowa ke da irinsa ba. Amma ki sake sauraron kalamansa: shekarar farko, sauran Allah zai kawo. Babu mai musun cewa Allah ne mai kawowa, sai dai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ƙasashe da yawa ba sa ba ɗalibi biza sai ya nuna kuɗin makaranta da na zama a rubuce. A ce ma kin tsallake wannan, kin je, kin gama lafiya. Digiri na biyu a wannan fanni ba ya ba mutum aiki shi kaɗai, tsani ne zuwa na uku. Ke nan lokacin biyan bashin zai zo kina da sauran shekara huɗu ko biyar kafin ki ga abin da za a kira albashi. Wa zai biya? Shi. Za ki zauna a aji rabin hankalinki na kan ƙashi, rabi na kan masu bin Yaya bashi, kuma duk ranar da abu ya yi miki wuya ba za ki iya cewa kin gaji ba, saboda nauyin da ke kanki. Ni a ganina wannan bashin shi ne abin da zai fi saurin kashe burinki. Ki gode masa, ki faɗa masa gaskiya, sannan ki ba shi hanyar taimako da ba za ta karya shi ba: kuɗin jarrabawar Turanci, kuɗin cike takardun nema, kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Mutumin da ya yi niyyar alheri ba a mayar masa da hannu haka kawai.

Wata gaskiyar kuma, ki yi haƙuri da ita. Ɗaukar da jami'ar nan ta yi miki shaida ce cewa takardunki suna da kyau, amma gurbin da ɗalibi ke biya wa kansa ba shi da wuyar samu kamar mai tallafi. Kada ki ɗauka ƙofa ce da ke buɗewa sau ɗaya a rayuwa. A kimiyya, ɗalibin bincike na ƙwarai biyansa ake yi. A Amurka sassan kimiyya kan ɗauki mai digirin farko kai tsaye zuwa digirin digirgir, su yafe masa kuɗin makaranta, su riƙa ba shi alawus a madadin taimakawa da koyarwa ko bincike. A Jamus akasarin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, ga kuma tallafin DAAD, hukumarsu mai ba ɗaliban waje tallafin karatu. Akwai na Commonwealth a Birtaniya, akwai Fulbright a Amurka. Gasar da zafi, ba zan ɓoye miki ba, amma nan ya kamata ƙarfinki ya tafi. Kada kuma idonki ya tsaya a Turai da Amurka kaɗai. Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg tana da tsohuwar cibiyar wannan bincike, a can ake ajiye da ƙwan dainoson Massospondylus masu 'yan tayi da James Kitching ya samo a 1976. A Masar, Hesham Sallam ya kafa cibiya a Jami'ar Mansoura, shi da ɗalibansa suka bayyana wani sabon dainoso mai suna Mansourasaurus a 2018, alhali binciken da ya fara yin suna da shi a kan burbushin ƙananan dabbobi ne dangin ɓera. Darasin da ke nan a gare ki shi ne kada ki ce dainoso ko a fasa. In gurbi mai tallafi ya fito a kan tsoffin kadoji, ko kunkuru, ko tsuntsaye, ki shiga, dabarun aikin duk ɗaya ne.

Bari in ɗan yi ratse. Wuraren da suka fi arzikin burbushi ba su ne suka fi yawan masana ba. Ƙasusuwan da Jamusawa suka haƙa a Tendaguru ta Tanzaniya daga 1909 zuwa 1913 har yau a Berlin ake kallonsu. Nigersaurus, dainoso mai haƙora sama da 500, daga Gadoufaoua a hamadar Nijar ya fito, Paul Sereno na Jami'ar Chicago da ayarinsa ne suka bayyana shi a 1999. Sai da aka je kotu kafin Mongoliya ta karɓo ƙwarangwal ɗin dainosonta Tarbosaurus daga Amurka a 2013, Brazil ma ta karɓo nata mai suna Ubirajara daga Jamus a 2023. Ana buƙatar masana 'yan ƙasa a wurare da yawa, wannan haka yake. Sai dai buƙata daban, albashi daban, kada ki haɗa su a lissafinki.

Na san abin da ke cin ranki shi ne lokaci, kina ganin in ba ki tafi bana ba kin makara. Schweitzer ɗin nan da na ba ki labari tana da 'ya'ya uku ta roƙi Horner ya bar ta ta riƙa zama a ajinsa, sai a 1995 ta samu digirin digirgir. Shekara 24 ba makara ba ce ko kusa. Ki ba kanki shekara biyu, amma shekara biyu masu aiki, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ki koyi ƙididdiga da manhajar kwamfuta mai suna R da ake yin ta da ita, kyauta ce, darussanta kuma sun cika intanet. Ki ɗauki maƙalar bincike ɗaya duk mako ki karanta da biro a hannu, wadda ba ki samu a buɗe ba ki rubuta wa marubucinta, yawancinsu da murna suke aikowa. Rumbun MorphoSource yana ɗauke da hotunan ƙasusuwa da za ki iya jujjuyawa ta kowace fuska a kwamfutarki, rumbun Paleobiology Database kuma yana nuna burbushin da aka samu, a ina, a wane zamani. Tunda tsuntsaye su ne dainoson da suka rage a raye, kadoji kuma su ne danginsu mafi kusa, ki samu gawar tsuntsu ki tsabtace ƙwarangwal ɗinsa, ki san kowane ƙashi da sunansa da tsokar da ke maƙale a jikinsa. In kin zauna da gindinki a wurin aiki, shugabanku ya yarda, ki gwada ɗan ƙaramin bincike naki, misali kwatanta yankan ƙashin tsuntsaye masu shekaru daban-daban. Malamar nan da ta kunna miki wutar, ki koma wurinta, ita ce ta fi cancanta ta duba miki aikin, ita kuma za ta rubuta miki takardar shaida. Ƙungiyar masu binciken burbushin dabbobi masu ƙashin baya, wato Society of Vertebrate Paleontology, wadda aka kafa tun 1940, tana da tallafi ga ɗalibai, ki riƙa leƙa shafinta. In za ki rubuta wa wani masani neman gurbi, ki taƙaita: wace maƙalarsa kika karanta, wace tambaya ta taso miki daga ciki, me hannunki ya iya. Labarin ƙuruciya ki bar shi sai an tambaya.

Shekara biyun nan jarrabawa ce a gare ki ke ma, gara ki sani tun yanzu. In kin dawo daga aiki a gajiye amma hannunki na kai wa ga maƙalar nan, to abin na jininki ne. In kuwa kika ga watanni sun shuɗe ba ki buɗe ba, ba ki kuma yi kewa ba, babu abin kunya, kin gane kanki ba tare da kowa ya ci bashi ba. Zai yiwu kuma ki yi duk abin da ya kamata, ki nema sau biyu, tallafin bai zo ba. A nan sai ki duba digiri na biyu a ƙirar jiki, ko ilimin dabbobi, ko ilimin duwatsu, a inda albashinki zai iya ɗauka, ki zaɓi batun bincike da ya shafi ƙashi, ki sake nema da ƙarfin da ya fi na da.

Amma kafin duk wannan, shirun nan na wata guda tsakaninki da mahaifinki ya isa haka. Ki fara da Mama. Kada ki mai da ita 'yar aike, kada kuma ki nemi ta zaɓi ɓangare, ai shi ya sa ta yi shiru. Ki zauna ki tambaye ta abin da ke damunta, mai yiwuwa ba kuɗin ba ne ma, nisan ne, ko ganin gidanta ya rabu biyu. Sannan ki samu Baba a lokacin da yake cikin natsuwa. Ki fara da ba shi haƙuri kan ɗaurewar fuska, ki gode masa da abokinsa, ki ce kin karɓi aikin. Ranar kada ki kawo maganar dainoso ko kaɗan. Bayan kwana biyu, in fuska ta saki, sai ki ce masa: Baba, karatun nan ban cire shi a raina ba, amma na yi alkawarin babu wanda zai ci bashi saboda ni, kuma ba zan bar aiki ba sai in na samu tallafin da ya ɗauke komai, in Allah ya kawo shi ina roƙon ka sa min albarka. Ki nuna masa cewa masu wannan ilimi suna koyarwa a makarantun likitanci, wannan magana ce da zai gane nauyinta. Mai yiwuwa ya ce sai lokacin ya yi, ki karɓi hakan, ba ƙi ba ne. Aikin kuma ki riƙe shi da gaskiya, don mutuncin Baba na cikinsa, kuma daga wurin takardar shaidarki ta biyu za ta fito. Ranar tafiya in ta zo, ki sanar da su da wuri.

Ita kuma jami'ar, a cikin makon nan ki rubuta musu, kada ki bar wa'adin ya wuce kina shiru. Ki tambaye su ko za su ɗage miki gurbin zuwa baɗi, ki kuma tambaya wane tallafi ko rangwame suke da shi ga ɗaliban waje da ranar rufe nemansa. Jami'o'i da dama suna ɗagewa in an roƙa da wuri. In sun amince, ki tabbata kin samu amsar a rubuce. In sun ce ba sa yi, ki gode musu, ki nemi sunan malamin da ke kula da kwas ɗin, ki sa shi cikin mutanen farko da za ki aika wa sakamakon ɗan bincikenki. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya daidaita tsakaninki da Baba.